Kamar Yadda Yallaɓai Ya Faɗa

Tun ban iya rubuta sunana ba na san lokacin da tumatir yake yawa. Mahaifina manomi ne a Ba'awa, cikin ƙasar Kiru. Da damina masara da dawa yake yi a gonar gado, amma da an kai amfani gida sai ya karɓi aron 'yar gona a wajen Tiga, kusa da ruwa, mu tare can mu yi noman rani. Ni ne babba a ɗakinmu, don haka kaina ya san kwandon tumatir kafin kafaɗata ta san jakar makaranta. Na ga shekarun da muka jera kwanduna a bakin titi tun hantsi har la'asar babu mai tayawa, ruwa yana tsiyaya ta ƙasa, ƙuda yana bi. Na kuma ga damina, lokacin da Inna take yanka guda biyu a miyar gida guda tana mitar tsada. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka rashin sani ne ya hana ni aikin da zan ba da labarinsa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, ina karanta tattalin arziki, aka manna sanarwa cewa wasu kamfanoni za su zo daga Legas da Abuja su yi wa ɗalibai bayanin aiki. Ranar ɗakin taro ya cika maƙil, har kan taga mutane ne. Kamfanonin iri biyu ne. Akwai waɗanda ake kira bankunan zuba jari, waɗanda ba sa karɓar ajiyar talaka, sai dai su shiga tsakanin mai sayar da kamfani da mai saye, ko su nemo wa gwamnati da manyan kamfanoni jari. Akwai kuma masu ba da shawara kan yadda ake tafiyar da kamfani. Waɗanda suka yi mana bayanin ba su girme mu da yawa ba, amma kai ka ga kwat, ka ji Turanci! Wannan ya ce jiya yana jirgi, waccan ta ce ta zauna da wani minista. Suka ce ba ruwansu da ɗan wane, ƙwaƙwalwa kawai suke nema. Wallahi na yarda da su. Suka raba mana biro da ɗan littafin rubutu, biron yana nan a akwatina har yau, ya daɗe da bushewa.

Da na je gida hutu na samu Baba a zaure yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Na tsuguna na gaishe shi, na yi masa bayanin aikin farko.

"Wato dillalai ne," in ji shi. "Irin na kara, sai dai su ba sa taka kashin shanu. Da kuɗin ruwa a ciki?"

Na ce ba a rasa ba.

"To ajiye wannan. Ɗayan fa?"

Na yi masa bayanin ɗayan. Sai ya ajiye fartanyar ya yi dariya har da tari. "Ikon Allah! Biyan mutum ake yi don ya ba da shawara? Ga baffanka nan tun da gari ya waye yake rabawa kyauta, babu mai ɗauka." Da ya gama dariyar ya tambaye ni ko halal ne. Na ce halal ne. Ya dubi ƙotar, sannan ya ce, "To nemi wannan. Ina so kafin in mutu in ga ɗayanku ya sauke kwando daga kansa."

Na nema kuwa, nema ba na wasa ba. Aka yi jarrabawar farko a kwamfuta, na ci. Aka yi ta biyu, na ci. Daga ajinmu mu biyu muka rage, ni da wani abokina da ya tashi a Kaduna, ɗan babban ma'aikacin gwamnati. Yadda suke gwada mutum shi ne su ba ka matsalar wani kasuwanci da baki, kai kuma ka rarraba ta reshe reshe, ka yi lissafi, ka faɗi abin da za ka shawarci mai kamfanin. Muka yi wata biyu muna zama a inuwar darbejiya muna yi wa juna tambayoyi. Burodi nawa ake ci a Kano a rana? Me ya sa kamfanin sabulu yake sayarwa da yawa amma ba ya ganin riba? A lissafi na fi abokin nan nawa, shi ma ya sani. Abin da yake ba ni mamaki da shi, ina zaune zai kira mahaifinsa a waya su yi ta musu a kan siyasa, har ya ce masa, "A'a, Baba, ba ka gane ba ne." Duk lokacin da na ji haka sai in ce a raina wannan yaro ba shi da kunya.

Aka kira mu intabiyu ta ƙarshe a Abuja. Na biya ta gida neman albarka. Da safe Baba ya rako ni har Kiru inda zan hau achaɓa zuwa Kwanar Dangora in tari mota, abin da bai taɓa yi ba. Aron kwat ɗina yana cikin leda, na rungume shi kada ya yamutse. A bakin titi ya tsaya ya ce, "Gaban manya za ka je. Kada ka zuba musu ido, kada ka katse musu magana. In babba ya yi tuntuɓen harshe, ba kai za ka kunyata shi ba. Ka ɗauko daidai ɗin ka sa masa a baki, ya zama kamar shi ya faɗa. Ka dai ga yadda nake yi."

Na gani kuwa, tun ina ƙarami. Akwai ranar da ake shari'ar iyakar gona a ƙofar gidan dagaci, dagacin ya ce iyakar daga gindin tsamiya ta fara, alhali kowa a wurin ya san daga kuka ne. Sai Baba ya gyara zama, kansa a ƙasa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kamar yadda ka faɗa, tsohuwar bishiyar nan ce shaida, wato kukar da take arewa da rijiya." Dagaci ya gyaɗa kai ya ce ai abin da yake nufi ke nan. Mai gona ya samu haƙƙinsa, dagaci ya shiga gida da rawaninsa a tsaye. A wurina babu wata gwaninta a duniya da ta kai wannan, kuma ina alfahari ni ɗan mai ita ne.

Ofishin yana can saman wani dogon bene, sanyin na'ura kamar a cikin randa. Mutum biyu na tarar. Akwai wata mata mai gilashi, da alama ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, tana riƙe da biro. Akwai kuma babban, mutum mai furfura, sa'an Baba. Ya duba takardata ya ce da Hausa, Hausar Kano tsantsa, "A'a, ɗan Kiru! Yaya mutanen gida?" Ban san lokacin da na rusuna ba. Raina ya yi sanyi, na ce Alhamdulillahi, na gida na samu.

Daga nan ya koma Turanci. Ya ce wani mai kuɗi yana so ya gina kamfanin sarrafa tumatir na gwangwani a yankinmu, tsakanin Bebeji da Tiga, yana tambaya ko zai ci riba. Na kusa yin dariya don murna. Duk tambayoyin duniya, sai aka ba ni gonarmu! Sai ya ƙara da cewa, "Tunda a wajenku da damina tumatir yake yawa, ka ɗauka injinan za su yi aiki sosai a watannin ruwa."

Da damina? Ko akuyar Tiga ta san ba haka ba ne. Na dubi furfurarsa, na dubi matar da take rubutu, na ce a raina bawan Allah ya daɗe a Abuja, ya manta, kuma ga ta ƙasa da shi a zaune. Na sunkuyar da kai na yi lissafina a kan gaskiya. Da na gama na ce, "Kamar yadda yallaɓai ya faɗa, akwai watannin da yake yawa, wato daga tsakiyar sanyi zuwa shigowar zafi, lokacin da na rani yake nuna." Na ci gaba. Na gaya musu matsalar ba gina kamfanin ba ce, matsalar me injin zai ci a sauran watannin. Na gaya musu manomi zai yi maka alkawari tun yana dashe, amma ranar da kwando ya yi tsada a kasuwa ba za ka gan shi ba. Na kawo maganar motoci, da irin da ya fi tsoka, da rarraba lokacin dashe. Ni kaina na san na yi magana.

Ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Amma ni da damina na ce."

Na ce, "Haka ne, yallaɓai," idona a kan tebur. Na sake zagayowa, na sake sa masa daidai ɗin a baki.

Ya ƙwanƙwasa teburin da yatsa. "Ka ji ni kuwa? Damina." Na ɗan ɗaga kai na ga matar ta daina rubutu, ta zuba mini ido kamar mai roƙo. Ni kuwa sakarai, na ɗauka kunyar maigidanta ce ta kama ta, sai na ƙara ƙaimi wajen rufa masa asiri. Na ce, "Gaskiya ne, yallaɓai, da damina ma ana samu."

Na fito ina jin na yi abu biyu a lokaci guda, na amsa tambaya kuma na kare mutuncin dattijo. Na shiga masallaci na yi raka'a biyu na godiya. A tasha har na sayi ɗan turare na kawo wa Baba tsaraba.

Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayata. Suna godiya, suna yi mini fatan alheri. An ɗauki abokina. Washegari ina gonar Tiga, ƙafata cikin taɓo, ina jan tiyon injin ban ruwa, sai ga kira. Matar nan ce mai gilashi. Ta ce al'adarsu ce su gaya wa wanda ya kai matakin ƙarshe dalilin da ya sa ba a ɗauke shi ba.

Ta ce, "Duk waɗanda muka gani ranar, babu wanda ya san tambayar kamarka. Na ga takardar da ka yi lissafi a kai, tun layin farko ka san abin da ya faɗa ba daidai ba ne. Da gangan ya faɗa. Kowa ya shigo sai ya jefa masa kuskure ɗaya ya ga ko zai tsayar da shi. Kai har sau uku ya ba ka dama."

Na kashe injin don in ji sosai. Na ce mata ai na ba da amsar daidai.

Ta ce, "Ka bayar, amma ka ce shi ya faɗa. Aikinmu shi ne mu shiga ofishin mai kamfani, wanda ya haife mu ya yi jika da mu, mu dube shi a gaban ma'aikatansa mu ce ya yi kuskure. Wannan ake biyanmu mu yi. In ba ka iya faɗa wa namu ba, ba za mu iya tura ka wurin na wani ba." Sannan ta ce maigidan nata ya gane sarai abin da nake yi, ya ce shi ma da irin wannan ladabin ya fito daga gida. Ya ce in na zubar da shi in sake nema.

In na zubar da shi! Kamar ruwan wanke-wanke. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutumin nan ya gaishe ni da Hausa, ya tambayi mutanen gida, ya ga na rusuna, ya san irin gidan da na fito, sannan ya haƙa mini rami daidai inda ya san tarbiyyata za ta taka. A ɗakin taron nan sun yi awa biyu suna gaya mana yadda ake rubuta takardar neman aiki, da irin takalmin da ake sawa, amma babu ɗan halak ɗaya da ya ce mana, "Ku 'yan ƙauye, ladabin da aka koya muku laifi ne a wurinmu." Suka ce ba ruwansu da ɗan wane. Ƙarya ne. Ɗan wanda ya saba musu da ubansa a kan teburin cin abinci suke nema, kuma shi suka ɗauka. Ba na jin haushin abokina, ya cancanta a ma'auninsu. Amma bai san ko da wane wata ake dashen tumatir ba.

Da yamma na gaya wa Baba ba su ɗauke ni ba. Ya ce, "Ka dai yi musu ladabi ko?" Na ce na yi. Ya ce, "To ba rabonka ba ne. Allah ya zaɓa mafi alheri." Na ce amin. Ban gaya masa sauran ba, amma daga ranar haushin da ya kamata in ji na mai furfurar Abuja sai ya juyo kan mai furfurar gidanmu. Wannan shi ne zunubina, kuma na sani.

Na yi bautar ƙasa, na sake nema a wurare uku. Na riƙa tsayawa gaban madubi ina koyon kallon ido, ina maimaita, "Ba haka ba ne." Ban sake kaiwa ko matakin tsakiya ba. Su sababbin fitowa suke so, kowace shekara kuma ga sababbi. A ƙarshe na samu koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada. Kwando dai na sauke, amma ba irin saukewar da Baba yake nufi ba.

A shekarar da na fara koyarwa wata tsutsa ta cinye tumatir ɗin mutanenmu tas. Kafin rani ya zagayo, manoman garinmu masu zuwa Tiga suka taru bayan la'asar a ƙofar masallaci, har da malamin gona daga ƙaramar hukuma. Baba ne shugabansu, shi ake jira ya yi magana. Ni kuma na zo hutun ƙarshen mako, ina zaune a gefen tabarma. Baba ya ce a ganinsa tsutsar daga ruwan dam take fitowa, don haka bana a ja baya daga bakin ruwa, a haƙa rijiyoyi. Ni na san ba haka ba ne. Wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike yake yin ƙwai a jikin ganye, ko da ruwan zamzam ka yi ban ruwa sai ya zo. In aka bi maganar Baba, wahalar banza za a sha.

Maganar da ta dace tana bakina, a shirye. Da na ce, "Kamar yadda Baba ya faɗa, daga waje take zuwa," da shi ke nan, da an gyara, da kowa ya tashi lafiya. Na fi kowa iyawa a wurin, in ka cire shi. Amma sai na miƙe tsaye. Na dube shi cikin ido. Ranar na fara ganin wani farin zobe da tsufa ya zagaye baƙin idonsa da shi, ban taɓa sanin yana nan ba. Na ce, "Baba, ba haka ba ne. Ka yi kuskure." Sannan na rarraba maganar reshe reshe, na ɗaya, na biyu, na uku, yadda muka koya a inuwar darbejiya.

Malamin gona ya nuna ni ya ce gaskiyar malam ce. Na ji baffana ya yi salati a hankali. Baba ya dubi tabarma ya ce, "To. Allah ya ƙara sani." Ya jawo takalmansa ya tafi gida.

Inna ce ta yi mini tas. "Kai wane irin ɗa ne? Abin da boko ya koya maka ke nan? A gaban mutane!" Na shiga turakarsa na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Ba ka yi komai ba, ai gaskiya ka faɗa. Na yafe maka duniya da lahira." Kuma na san har zuciyarsa ya yafe. An bi shawarata, an yi feshi a kan lokaci, tumatir ya yi kyau. Da shekara ta zagayo Baba ya ce ya tsufa, a naɗa wani shugaban. Ya daina aikena. In na shigo zaure sai ya gyara zama ya matsa mini tabarma. Mutumin da yake kirana "kai wannan", don ni ɗan fari ne ba ya faɗin sunana, sai ya koma kirana malam.

Yanzu duk shekara akwai tsofaffin ɗalibaina da suke dawowa daga jami'a su same ni, daga Doguwa, daga Tudun Wada, idonsu yana ƙyalli, sun ji labarin bankunan zuba jari da kamfanonin shawara. Ina koya musu rarraba matsala, ina koya musu lissafin burodi. Ina kuma gaya musu abin da ba a gaya mini ba, cewa za a jefa musu kuskure da gangan, su ɗaga kai su ce ba haka ba ne. Sai in ƙara da cewa in za su dawo gida, su bar wannan darasin a Kwanar Dangora kafin su hau achaɓa. Dariya suke yi, sun ɗauka wasa nake.

Watan jiya na je gida. Ranar da zan koma, mai achaɓa yana jira a waje, na samu Baba a zaure shi kaɗai yana ɓarar gyaɗa. Na daɗe ina shirya abin da zan yi. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Baba, ina so in sa hannu a harkar tumatir. Ina ga da damina zan riƙa saye, tunda lokacin ya fi yawa da araha."

Na jira. Baban da na sani da ya jefe ni da ɓawon gyaɗa ya ce, "Kai, wane sakarai ne ya gaya maka? Kwandunan da ka ɗauka duk a banza?" Ita kaɗai nake so in ji, wallahi da na ji ta da na yi kuka don daɗi.

Hannunsa ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ya dubi tabarma. Ya ce, "Haka ne. Kamar yadda malam ya faɗa, akwai lokacin da yake yawa, wato in na rani ya nuna."

Na ce, "Baba, da damina na ce."

Ya ce, "Gaskiya ne. Da damina ma ana samu."

Mai achaɓa ya yi hon. Na miƙe zan ɗauki jakata, sai na ga ya riga ni. Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya riƙe jakar da hannu biyu, ya tsaya a gefen ƙofa yana jira in fara wucewa.